Wadda Sarwar Ya Gani a Majigi

Nathia Gali, farkon Yuli, 1994

Zuwa ga ƙanwata Nuzhat,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da majinyatan da kike dawainiya da su can Maskat. Ni dai alhamdu lillahi, in ban da gwiwar nan tawa ta hagu da ke sanar da ni zuwan ruwa tun kafin gajimare ya taru.

Na san za ki yi mamakin ganin rubutuna, don rabona da rubuto miki tun rasuwar maigidana. Dalilin kuwa, mutanenki suna hannuna. Likita ya ce zafin Rawalpindi ba zai bar jinin mijinki Sarwar ya sauka ba, sai 'yarki Sumbul ta tuna akwai wata tsohuwa mai riƙe da madafar masaukin Abbasi Sahib, wadda kakarta da kakarki ciki ɗaya suka fito, wato ni. Ta ɗauko babanta suka hawo. Na roƙa musu ɗakin da tagarsa ke kallon kwari.

Mijinki yana samun sauƙi. Har yanzu yana jan ƙafar dama tun shanyewar nan da ta same shi, maganarsa kuma a hankali take fita, amma yana cin abinci, barci ma ya dawo masa.

Bari in ba ki labarin yammacin Alhamis. Abbasi Sahib yana da wani tsohon majigi da ya saya lokacin da aka rufe wani gidan silima a Abbottabad. Duk Alhamis bayan magariba sai a ɗaura farin zanen gado tsakanin ginshiƙan baranda, baƙi su fito kowa da bargonsa. Na gasa masara, na dafa shayin nan mai launin hoda, na barbaɗa masa garin almon, 'ya'yan itacen nan masu kama da gyaɗa. Gajimare ya sauko har kan matakala, wani biri ya sace masarar matar wani alƙali daga Multan, aka yi ta dariya. Babu mai gaggawar zuwa ko'ina.

To kin san fim ɗin da aka sa? Namu. Wanda aka ɗauka a gangaren nan shekarar da muka zo hutu gidan Kawu Latif, aka bi gida-gida ana neman 'yan matan da za su ɗauki tuluna a bayan jarumar. Wallahi sai ga ni a kan zanen gado, siririya kamar sillen kara, da kitso har gadon baya. Ma'aikatan madafa suka ƙi yarda ni ce, sai da na rantse. Sarwar ya tuna shi ne yaron da aka ba faifan kwano ya riƙe don ya maido hasken rana kan fuskokinmu. Nuzhat, sai ga shi yana dariya, har yana bin waƙar da muryarsa. Sumbul ta ce tun da ciwon ya kama shi ba ta ga haƙoransa ba sai ranar.

Da aka gama ya ce a wannan rana ce ya ga macen da har yau bai ga irinta ba. Kin dai san wadda yake nufi.

Ki kwantar da hankalinki, suna hannu nagari. Ki gaida abokan aikinki.

Yayarki,
Kishwar

Maskat, ƙarshen Yuli, 1994

Baji Kishwar,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na gode. Allah Ya sauwaƙe ciwon gwiwa, ko da yake na ga bai hana ki gasa masara da hawa baranda ba. Ni lafiyata ƙalau, in dai tsayuwa daga asuba zuwa la'asar a ɗakin masu karaya lafiya ce. Nan zafi ya kai in ka taɓa ƙarfen ƙofa sai ka yarfe hannu. Na karanta labarin gajimarenku da bargunanku ina fifita da takardar taki.

Na yi murna da jin Sarwar yana dariya. Sau nawa na buga waya Rawalpindi kafin su taho, in ya karɓa ba ya wuce "lafiya lau" ya miƙa wa Sumbul. Ashe ba muryar ce ta tafi ba, wadda zai yi wa waƙa ce ba ta kusa.

Kin ce na san wadda yake nufi. Ƙwarai na sani, Baji yayata, ai ba sai kin ja mini layi a ƙarƙashi ba. Wataƙila ke kin manta inda nake a ranar, ni ban manta ba. Ƙarambau ya feso mini, fuskata duk tabo, matar Kawu Latif ta shafe ni da wani farin magani. Da mutanen fim suka zo zaɓe, shugabansu mai jar hular nan ya dube ni sau ɗaya ya kau da kai. A bayan igiya na tsaya tare da masu haya da dawakai, na lulluɓe har hanci. Daga nan nake kallon Sarwar da faifansa, kuma na ga fuskar da ya fi haskawa. Har mai jar hula ya daka masa tsawa, ya ce jarumar aka ce ya haska, ba 'yan tulu ba. Kin tuna wannan, ko shi ma in tuna miki?

Shekara da shekaru duk bikin dangi sai an ce Kishwar ta tashi ta nuna yadda ta ɗauki tulu. Na tafa tare da kowa. Ban taɓa cewa komai ba, don a ƙarshe gidanmu iyayen Sarwar suka zo, ba naku ba. Amma ban zaci zan bar ƙasata in zo nan ina juya tsofaffin mutane a kan gado saboda maganinsa da karatun Sumbul, sannan a aiko mini da labarin yadda ake shan shayi mai launin hoda ana tuna wa juna ƙuruciya ba.

Na gwada lambar masaukinku, ba ta shiga. Ki ce wa Sumbul sati biyu likita ya ce, kuma sun cika. Su sauka gida.

Nuzhat

Nathia Gali, Agusta, 1994

Nuzhat,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Ruwa ya kayar da turken waya tun kwanaki, shi ya sa ba ki same mu ba.

Na karanta takardarki a tsaye cikin madafa, sai da na nemi kujera. Ni da na binne miji, na yi furfura, nake kwana a ɗan ɗakin da ke bayan rumbun dankali, ni kike wa wannan zato? Na rubuto miki ne don in faranta miki rai. Tun da abin ya zama haka, na ajiye alƙalami.

Zancen sauka kuwa, tsakaninki da 'yarki ne. Ni ban riƙe ƙafar kowa ba, kuma ba zan kori mara lafiya ba.

Kishwar

Maskat, tsakiyar Satumba, 1994

Baji Kishwar,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, tun da dai fata kawai ya rage mini. Ni ba na jin daɗin jikina, abinci ma sai na tilasta wa kaina.

Wata guda ke nan da wani abu babu takarda daga gare ki. Sumbul ta rubuto layi biyar, ta ce sun ƙara kwanaki don iskar tana yi wa Abba amfani, ta sako hoto. Da ma ba ta sako ba. Ga Sarwar a kujerar baranda da bargo a gwiwa, ga ki a gefensa kina miƙa masa kofi, yana kallonki. Na san wannan kallon, Baji. Na zauna da mutumin nan tun ina da ƙuruciya, na san yadda yake kallon mai kawo shayi, na kuma san wannan. A kafaɗarki kuma mayafina ne mai ruwan goro, wanda na bari a kabad ɗinmu. Wa ya ɗauko shi daga Rawalpindi, wa ya yafa miki?

Wata 'yar Abbottabad da muke aiki tare ta dawo daga hutu. Ta ce sun kwana biyu a masaukinku, kuma yanzu ba Alhamis kaɗai ake kunna majigi ba. Kullum da yamma ake sa fim ɗaya tak saboda wani dattijo mai sanda da matarsa, har baƙi sun haddace waƙoƙin. Ta ce abin sha'awa, tsofaffi biyu kamar sababbin aure. Ba ta san da wa take magana ba. Na ce mata lallai abin sha'awa ne, na shiga bayi na daɗe ban fito ba.

Da matarsa, Baji. Haka ake kiranki a can, kuma ba ki gyara wa kowa ba?

Na rubuta wa Sarwar har sau biyu, bai amsa ba. Ba na roƙon komai a wurinki sai gaskiya. Idan akwai abin da kuka shirya, ki faɗa mini da bakinki kafin dangi su faɗa mini. Saura wata bakwai kwantiragina ya ƙare, ina so in san ko akwai gidan da zan koma.

Nuzhat

Nathia Gali, ƙarshen Satumba, 1994

Ƙanwata Nuzhat,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ina fata kin samu kin ci wani abu kafin ki buɗe takardar nan. Mu muna nan, sanyi ya fara shigowa, baƙi sun ragu.

Na yi wa Sumbul alkawarin ba zan faɗa miki ba. Jiya na nuna mata takardarki, ta yi kuka, ta ce in rubuta. Kada ki yi fushi da ita. Tsoro take kada ki watsar da aikinki ki taho a gigice, ga shi likita ya ce a dakata a gani ko abin zai wuce.

Nuzhat, ciwon bai tsaya a ƙafar Sarwar ba, ya taɓa tunaninsa. Tun a Rawalpindi ya fara. Yakan tambayi Sumbul ko 'yar gidan wa ce. Shi ya sa ba ya daɗewa a waya, muryar da ba ya ganin mai ita tana rikita shi. Takardunki biyu suna aljihun rigarsa, yana shafa su, amma ba ya iya haɗa kalmomin.

Ranar Alhamis ɗin farko, da na fito a kan zanen gado da tuluna, ya ɗaga sanda ya nuna ni ya ce, "Ga Nuzhat can." Sumbul ta ce a'a Abba, Anti Kishwar ce. Ya ce ta yi masa shiru, shi bai san matarsa ba? Sannan ya juyo ya dube ni a gefensa, ya ce, "Kin gani, Nuzhat, tun ranar na ce wannan mai tabon fuskar ita ce tawa. Kowa na rawa, ke kina harararmu." Kin ji? Fuskata yake kallo, amma tabonki yake gani da harararki. Abin da na so in gaya miki ke nan a takardar farko ba tare da na karya alkawari ba, na rubuta shi a karkace.

Washegari da la'asar ya fara neman hanya, wai zai sauka tasha ya taro ki. Muka rasa yadda za mu yi da shi, har ya faɗi a matakala ya kurje gwiwar hannu. Abbasi Sahib, Allah Ya saka masa, ya ce a kunna majigin. Yana ganin hasken ya zauna. Tun daga ranar kullum sai an kunna. Mayafinki kuwa shi ya sako shi cikin kayansa ba wanda ya sani. Ya yafa mini ya ce ina wasa da sanyi kamar yadda na saba. Na cire, ya ɓata rai, ya ƙi cin abinci. Na mayar.

Kin tambaya ko na gyara wa mutane. Da farko na gyara. Daga baya na daina, kuma tun da gaskiya kika nema, ba don shi kaɗai na daina ba. Maigidana, Allah Ya ji ƙansa, mutumin kirki ne, amma bai taɓa tambayata ko na ji sanyi ba. Yanzu kullum da yamma wani yana ajiye mini rabin masararsa, yana ba ni labarin ranar da aka haifi Sumbul, yadda kika ce ba za ki ƙara kula shi ba saboda ya tafi sayen jarida. Duk labaranki ne. Ina amsa sunanki, in ce haka aka yi. In an kashe majigi in ninke mayafin in ba Sumbul, in koma bayan rumbun dankali.

Kina can kina kishin shayin da nake miƙa masa. Ni fa? Sau ɗaya aka haska fuskata a duniya, dangi suka yi ta tafa mini, ashe wanda ke riƙe da faifan ma bayan igiya hankalinsa yake. Ki bar mini tulun, Nuzhat, shi kaɗai gare ni.

Sumbul ta ce za su sauka farkon wata mai kamawa, kafin hanya ta fara santsi. Ban san yadda zai yi ba in babu majigi. Ke ce ma'aikaciyar jinya, kin fi ni sanin abin da ya kamata. Ni dai na ga yana jiran mutum, kuma wadda yake samu ba ita ba ce.

Yayarki,
Kishwar

Rawalpindi, Nuwamba, 1994

Baji Kishwar,

Assalamu alaikum. Dubi kan takardar nan ki ga daga inda nake rubuto miki. Ya gwiwa? Na ji an ce dusar ƙanƙara ta fara sauka wajenku. Mu nan da sauƙi, Sumbul ta koma makaranta, ta yi ƙiba kaɗan.

Na daɗe ban amsa miki ba. Na fara rubutawa ya fi a ƙirga, in yage. Ranar da takardarki ta zo na je wurin shugabar ma'aikatan jinya na ce tafiya zan yi. Ta ce in yi tunani, wata kaɗan ya rage. Na ce na yi tunanin da ya isa, har ya yi yawa.

Da na shigo gida yana zaune a tsakar gida yana shan hantsi. Na yi sallama, ya amsa da ladabi, ya ce in zauna, matar gidan ta ɗan fita amma yanzu za ta dawo. Baji, na ga irin wannan a wurin aiki ba sau ɗaya ba, na sha gaya wa matan mutane su yi haƙuri. Ban san haka yake ba. Na zauna kamar baƙuwa, har ya sa Sumbul ta kawo mini ruwa.

Kwana da kwanaki muna haka. Sai ran nan ina gyara masa gado na tarar ya ɓoye ƙwayoyin maganinsa a ƙarƙashin matashi. Raina ya ɓaci, na manta da duk abin da aka koya mini, na tsaya a kansa na wanke shi tas, na ce na baro aikina na ƙetaro teku ba don in zo in tarar da wannan sakarci ba. Ya kalle ni, can ya ce, "Nuzhat, yaushe kika dawo? Kin rame." Na zauna a bakin gadon. Ashe faɗa ne ya rasa. Ke kin cika sanyin hali, wata uku kika yi kina amsa sunana ba ki taɓa yi masa faɗa ba.

Yanzu wata rana ya san ni, wata rana in koma baƙuwa. Safiya ta fi sauƙi. Yamma ce mai wuya, da rana ta karkata sai ya fara neman baranda. Sumbul ta zaga kasuwa ta samo fim ɗin a kaset, muna sa masa a talabijin. Jiya na zauna na kalle shi daga farko har ƙarshe, abin da ban taɓa yi ba tun da aka yi shi. Kin yi kyau, Baji. Na faɗa, ba zan maimaita ba.

Na maimaita abin da na rubuto miki a raina sau da yawa, kunya ta hana ni barci. Ki yafe mini. Amma kada ki ɗauka na warke sarai. Shekaranjiya na dafa masa shayin nan naku, na tsaya a kansa har hannuna ya gaji da kaɗawa. Ya kurɓa ya ture kofin, ya ce ba haka nake yi masa a kan dutse ba, wai hannuna ya lalace. Na ji kamar in jefa tukunyar waje.

Sumbul ta ce Abbasi Sahib yana rufe masauki ƙarshen watan nan sai bazara, kuma a ɗakin nan naki kike cinye sanyi ke kaɗai. Bana ba za a yi haka ba. Mun share ɗakin da ke kusa da madafa, rana tana shigarsa da safe, zai yi wa gwiwarki daɗi. Ba don shi kaɗai na ce ki zo ba. Ina bukatar wadda zan yi wa magana da yamma in ya manta ni, kuma ke kaɗai kika san labaran da zai ba mu.

Ki taho da garin almon ɗinki, ki tsaya a kaina har in koyi shayin. Sharaɗi ɗaya gare ni. Idan muna zaune mu biyu ya kira Nuzhat, ki ɗan dakata ki ga ko zan amsa. In ya ƙi ni ya nace sai ke, to ki amsa, zan fita in duba tukunya.

Ki rubuto ranar da za ki sauko, ni da kaina zan zo tasha.

Ƙanwarki,
Nuzhat